Babi na 6: Sakatariyar da ta ce ta gaji

A ranar 6 ga Yuni 2018 tashar tvN ta Koriya ta Kudu ta fara nuna wani fim mai dogon zango, kashi 16, wanda ya zaga duniya da sunan What's Wrong with Secretary Kim, wato me ke damun Sakatariya Kim. Labarin ba shi da wuyar riƙewa. Lee Young-joon mataimakin shugaba ne a Yumyung, ƙaton kamfanin gidansu. Yana da kuɗi, yana da kai, yana da kyau, kuma babu wanda ya kai shi sanin haka, don ba ya wuce madubi bai tsaya ya yaba wa kansa ba. Kim Mi-so ita ce sakatariyarsa, shekara tara cur. Ita ke tsara masa yini, ita ke gyara masa ɗamarar wuya kafin ya shiga taro, ita ake tasa cikin dare ta je ta tuƙo shi idan ya sha abin da ya hana shi riƙe sitiyari. Wata rana suna dawowa daga liyafa, ya ji daɗin aikinta, ya ce ta faɗi abin da take so. Ta yi murmushin da ta saba, ta ce ya nemi wata, ita za ta ajiye aiki.

Sauran kashi goma sha biyar ɗin duk a kan wannan magana suka rataya. Park Seo-joon ne ya fito a matsayin maigidan, Park Min-young kuma sakatariyar. Asalin labarin littafi ne da Jung Kyung-yoon ta fitar a 2013, aka mayar da shi zane-zanen da ake karantawa a waya, sannan ya zama fim. Ya karɓu ƙwarai, har ƴan Filifin suka sake yin nasu a 2024.

A Gure, kamar sauran garuruwan da ke bakin hanyar Damagaram zuwa Diffa, fim ba ya jiran tele. A katin waya yake zuwa. Ka miƙa wa mai tura finafinai wayarka, ka je ka yi cefane, ka dawo ka tarar an cika ta. Ta wannan hanya dandalin soyayya na Kano ya shiga kowane gida, ta nan finafinan Indiya masu fassarar Algaita suka biyo, ta nan kuma samarin fada suka san Jumong da dakarunsa tun kafin su san inda Koriya take a taswira. Finafinan ofis irin na Sakatariya Kim sun fi tafiya a hannun mata masu karatun boko, waɗanda za su iya bin rubutun Faransanci ko Turanci da ke gudu a ƙasan hoto: ƴan lise, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, da su kansu masu aikin biro.

Abin da na lura da shi a hirarsu shi ne, dogayen benayen Seoul da motocin ba su ne ke riƙe su ba. Ana kallonsu a wuce, kamar yadda aka saba kallon duwatsun ƙanƙara a finafinan Indiya. Inda ake tsayar da fim a yi shiru shi ne inda aka bayyana dalilin da ya sa Mi-so ta fara aiki tun farko. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama. Mahaifinta ya afka cikin bashi. Yayyenta mata biyu suna karatun likita. Ita ce ƙarama, ita ce kuma ta haƙura da jami'a, ta kama aiki da takardar sakandare, ta yi shekara tara tana biyan bashi da kuɗin makaranta. Ranar da ta biya kaso na ƙarshe ne ta ga cewa tana da shekara 29, ba ta taɓa yin yini guda da za ta ce nata ne ba.

Wannan ba ya bukatar fassara a Muniyo, ƙasar da Gure ke cikinta. Albashi ɗaya a nan ba na mutum ɗaya ba ne. Kafin wata ya mutu an riga an raba shi: buhun hatsi na tsohuwa, maganin baba, kuɗin ƙane da ke jami'a a Damagaram, bikin ƴar ƙanwar uwa, adashi. A ƙasar da alƙaluman UNICEF ke cewa kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, yarinyar da ta tsallake firamare, ta samu birbe, ta je Damagaram ko Yamai ta koyi aikin ofis, ba ita kaɗai ta yi wannan tafiya ba. Dangi ne suka ɗaure mata gindi, kuma dangi suna jiran ranar girbi. Ba su yi laifi ba. Sai dai nauyin yana da yawa a kan teburi ɗaya.

Bari mu zauna kusa da teburin. Akwai wata da na sani a wata ma'aikata a Gure, ba zan faɗi wace ba. Ta kan riga kowa zuwa, ban da mai gadi. Abu na farko shi ne yaƙi da rairayi, don a garin da tuddan yashi suka yi wa ƙawanya, idan hunturu ya kama ko ka rufe taga da tsumma sai ka tarar da ƙura a kan kwamfuta da cikin injin buga takarda. Ta yaye zanen da ta lulluɓe su da shi jiya, ta kaɗe, ta buɗe manyan rajistoci biyu, na wasiƙun da suka shigo da na waɗanda suka fita. Kowace takarda da lambarta da kwanan watanta. Hatimi yana cikin aljihun teburinta, makullin yana ɗaure a bakin gyalenta. Idan tawadar injin ta ƙare, sai an aika Damagaram, kusan kilomita 170, an ba direban mota saƙo, an yi ta kiran waya. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar wasiƙa, ita ce za ta tuna inda aka tsaya.

Wajen ƙarfe tara baranda ta cika. Ga dattijo ya taso tun asuba daga wajen Kelle, takarda a naɗe cikin leda, ledar a cikin aljihun ƴar ciki.

“Ɗiyata, mai wurin yana ciki?”

“Baba, sannu da hanya. Yana tafe, zauna ka sha ruwa. Mu ga takardar.”

Ta duba, ta ga ba nan ya kamata ya kawo ta ba. Ba ta ce masa ya yi kuskure ba. Ta kira ɗan aike, ta ce ya raka baba ofishin da ya dace, ta rubuta ƴar takarda ta haɗa shi da ita don kada a sake maido shi. Na bayansa Babarbare ne, ta juya harshe zuwa Mangaci. Ta bayansu Bafulatana ce, ta lallaɓa da ɗan Fulatancin da ta tsinta a kasuwa. Abin da duk suka faɗa, da Faransanci zai hau takarda. A fim an nuna yadda Mi-so ta kwana tana haddar Turanci da Japananci don kada ta ba maigidanta kunya, ana kuma yaba mata. Wannan baiwar Allah tana aiki da harshe huɗu kafin azahar, ba a taɓa rubuta hakan a takardar albashinta ba.

Sai ga shugaba ya iso, waya a kunne.

“Madam, ina dosiyen jiya?”

“Ranka ya daɗe, yana kan teburinka, ƙarƙashin jarida.”

Jawabin da zai karanta gobe a gaban baƙi, ita za ta rubuta. Idan ya yi kyau, a tafa masa. Idan aka samu kuskure a sunan wani babba, a ce sakatariya ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wannan ma aikin ofis ne, da sauƙi. Abin da ya fi cin rai shi ne wanda ba na ofis ba: katin gayyatar auren ƙanwar shugaba, lissafin gudummawar suna, karɓo saƙon uwargida a tasha, da kiran da ke shigowa bayan isha'i, “ki ɗan leƙo, baƙi za su zo daga Yamai da sassafe.” Ba ta taɓa cewa a'a ba. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce, “To, ai ubangidana ne.”

A wannan amsa tata matsalar take. Ƙasar Hausa da Barno sun daɗe da sanin barantaka. Bara ba shi da lokacin tashi. Duk sa'ar da ubangida ya kira, ya amsa. Amma ciniki ne mai fuska biyu. Ubangida shi ke ciyar da shi, ya yi masa sutura, ya yi masa aure, ya yanka ragon suna, ya tsaya masa gaban alƙali, idan ya ga ya kawo ƙarfi ya ba shi jari ya sallame shi. Wanda ya ci moriyar bara ya yar da shi, gari ne zai zage shi. Ofishin zamani ya zo da wani ciniki dabam: awa kaza, aiki kaza, albashi kaza, kowa ya kama gabansa. Abin da ya faru a ma'aikatunmu da yawa shi ne an tsinci rabi daga nan, rabi daga can. Wajen aiki ana so sakatariya ta zama bara, ba agogo, ba musu. Wajen sakayya kuma sai a tuna cewa ita ma'aikaciya ce, albashinta ne haƙƙinta, shi ma idan ya zo a kan kari. Shugaban da take wa wannan hidima, gobe takardar canjin wurin aiki za ta zo, ya kwashe iyalinsa ya koma Tawa ko Dosso, wani ya zo ya gaji kujera da sakatariyar duka.

Masu shirya fim ɗin sun taɓo wannan da wata dabara mai ban dariya da ban tausayi. Yarinyar da aka ɗauko don ta maye gurbin Mi-so, ita ma sunan gidansu Kim, don kusan ɗaya cikin kowane mutum biyar a Koriya Kim ne. Ke nan maigida ba sai ya wahalar da bakinsa wajen koyon sabon suna ba.

Gure ta taɓa ganin irin wannan mai hidima da aka manta da shi, tun ba a san injin buga takarda ba. A watan Disamba 1852 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya sauka a Gure a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya gana da Muniyoma, sarkin Muniyo. Cikin ayarinsa akwai wani yaro Bahaushe, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa yana ƙarami, abokin tafiyar Barth mai suna Overweg ya fanshe shi. Dorugu ya bi Barth har Tambutu, ya bi shi har Landan a 1855. A Ingila wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya zaunar da shi yana ba shi labarai da tarihin rayuwarsa da Hausa, shi kuma yana rubutawa. Daga nan aka samu kaso mai yawa na littafin Magana Hausa na 1885. Barth ya yi suna da littattafansa biyar. Schön ya samu digirin girmamawa daga Oxford. Dorugu ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Kano, ya rasu a 1912. Tambayi ɗalibai goma a lise wane ne shi, ka ga ko hannu nawa zai tashi.

Mu koma fim. Da Young-joon ya ga da gaske take, sai ya fara zuba tayi: ƙarin matsayi, mota, gida. Ta ƙi. Ta ce tana so ta yi rayuwa irin ta kowa, ta samu lokaci, ta yi aure. Sai ya ce to shi zai aure ta, ba don komai ba sai don kada tsarin ofishinsa ya rushe. A nan fim ɗin ya fi daɗi, don ana yi wa girman kansa dariya, kuma ita ce ke da rinjaye. Daga baya labarin ya karkata. Aka tono cewa tun suna yara wata mata ta taɓa sace su tare ta kulle a wani kangon gida, shi ya gane ta tun kafin ya ɗauke ta aiki, ya ɓoye. Duk wahalar shekara taran nan sai ta koma wani salon ƙauna. Ta fasa ajiye aiki, aka ɗaura aure a kashi na 16, wanda aka nuna ranar 26 ga Yuli 2018.

Na fahimci abin da ya sa wannan ƙarshe ke sanyaya zuciya. Ya maido da rabin cinikin da ya ɓata: ga ubangida da ya tuna nauyin da ke kansa, ya biya da duk abin da ya mallaka. Mai karanta littattafan soyayya na Kano ya san wannan hanya tun kafin Koriya ta zo. Amma a ganina fim ɗin ya yi tambaya mai kyau ya ba da amsar da ba ta da amfani ga kowa. Mi-so lokaci ta nema, aka ba ta miji. Kuma mijin shi ne mutumin da ya cinye lokacin.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Wata uku kafin a fara nuna fim ɗin, ranar 5 ga Maris 2018, wata sakatariya ta gaske, ita ma Kim, ta fito a tashar JTBC ta ce maigidanta Ahn Hee-jung, gwamnan lardin Chungcheong ta Kudu, wanda ake ganin zai iya zama shugaban ƙasa, ya yi mata fyaɗe. Ya sauka daga mulki. A watan Agusta, makonni kaɗan bayan auren Mi-so a tele, kotun farko ta wanke shi. A Fabrairu 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta ɗaure shi shekara uku da rabi, kotun ƙoli ta tabbatar a watan Satumba. Gardamar shari'ar duk a kan abu ɗaya ta tsaya: shin wadda abincinta ke hannun mutum tana da ikon ce masa a'a? Mutanen Koriya sun kalli labaran biyu a shekara ɗaya. Mu nan na fim ɗin kawai ya iso katin waya. Ba na cewa duk shugaban da ya nemi auren ma'aikaciyarsa mugu ne. An yi irin waɗannan aure da yawa, wasu sun yi albarka. Amma mun san yadda ake yi da wadda ta ƙi, mun kuma san abin da unguwa ke faɗa a kan matar da ake gani tana fitowa daga ofis bayan magariba, ko da takardun gwamnati ne suka tsare ta. Shi ya sa wasu mazan ke hana matansu wannan aiki sam.

Koriya kanta ba da aure ta magance gajiyar ma'aikatanta ba. A shekarun nan ma'aikacinta na yin kusan awa 2,000 a shekara, cikin mafi yawa a ƙasashe masu arziki. Ranar 1 ga Yuli 2018, fim ɗin yana tsakiyar tafiya, dokar da ta rage iyakar aikin mako daga awa 68 zuwa 52 ta fara aiki a kamfanoni masu ma'aikata 300 zuwa sama. A shekarar ce hukumar birnin Seoul ta fara kashe kwamfutocin ma'aikatanta da yammacin Juma'a don dole su tafi gida. A Yuli 2019 aka ƙara da dokar hana cin zali a wurin aiki. Da gwamnati ta gwada buɗe ƙofar awa 69 a 2023, matasa suka yi ca, ta ja da baya. Ba kyauta aka ba su ba. Tun ranar 13 ga Nuwamba 1970 wani tela ɗan shekara 22, Jeon Tae-il, ya cinna wa kansa wuta a kasuwar Pyeonghwa ta Seoul, yana kira a yi aiki da dokar ƙwadago. Dokar tana nan a rubuce a lokacin. Bin ta ne ba a yi.

Mu ma tamu tana nan a rubuce. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 25 ga Satumba 2012 ta ce awa 40 ne aikin mako, abin da ya haura a biya shi dabam. Ta ba da hutun shekara, ta ba mai haihuwa mako 14, ta haramta matsa wa ma'aikaci da neman lalata. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000, jika 42 ke nan, daga Janairu 2024. Cikakkun ma'aikatan gwamnati suna da tasu dokar dabam, kuma su da ɗan dama, suna da lamba, suna da ƙungiya, suna da fansho. Waɗanda ke cikin rana su ne na gefe: ƴan kwantiragi, ƴan bautar ƙasa da suka gama wa'adinsu suka ci gaba da zuwa don kada a manta da su, masu “koyon aiki” na shekara da shekaru, da waɗanda ke buga takardu a ƙananan kamfanoni da shagunan kwamfuta ba tare da ko layi ɗaya a rubuce ba. Da yawansu ba su taɓa ganin lambar CNSS, asusun fansho na ma'aikata, da sunansu ba.

Irin waɗannan ba za su iya yin abin da Mi-so ta yi ba. Ita ta gama biyan bashi, tana da ƙwarewar da kowane kamfani a Seoul zai yi rububinta. A Gure ma'aikatun ƙidayayyu ne, kowa ya san kowa, kuma a bayan kowace kujera akwai masu takarda a hannu suna jiran ta faɗi. Wadda ta ce ta gaji, kafin la'asar an kawo ƴar wani. Haƙurin da muke yaba musu, rabinsa rashin mafita ne.

Saboda haka maganata ba ga sakatarori take ba, sun san halin da suke ciki fiye da ni. Akwai ofishin sufeton ƙwadago a Damagaram, akwai ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN, amma da wuya mai jika arba'in ta kai ƙarar wanda za ta gaisar gobe da safe. Ga mai teburin ciki nake magana, idan littafin nan ya faɗo hannunsa. Ranka ya daɗe, ba a ce ka saya mata mota ba. Rubuta mata kwantiragi da lokacin zuwa da na tashi, ka yi mata rajista a CNSS, ka biya awannin da suka haura, ka bar aiken gidanka ga yaran gidanka. Ita za ta buga takardar, ta san inda hatimi yake. Kai dai ka sa hannu, ka ba ta kwafinta.